An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hoton Bakin Teku da Matan da Aka Bari a Adar

Kwanakin nan babu abin da ke saurin tayar da ƙura a zaurukan WhatsApp na garuruwanmu kamar hoton ɗan bida da matarsa a bakin teku. Yaro ne ɗan Buza ko Keita ko wani ƙauyen Madawa, yana zaune a Abijan, ranar Lahadi ya ɗauki iyalinsa sun fita shan iska, an ɗauke su hoto. Matar da hijabinta har ƙasa, ga goyo a baya. Kafin la'asar hoton ya zagaye gari. Wannan ya ce yaro ya zama bature, wancan ya ce mace ta shanye shi, wata ta ce kuɗin da ya kamata ya aiko wa tsohuwarsa ne ya je ya zuba wa ruwa. Har a kan tabarmar ƙofar masallaci sai ka ji ana tauna maganar.

Ra'ayina a fili yake: yaron nan bai yi laifi ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne maƙwabcinsa da ya ɗaura aure, ya yi wata biyu da amarya, ya hau mota, yau shekara uku ba a ga ƙeyarsa ba. Shi wannan babu mai zaginsa, don yana aiko ƴan kuɗi ta NITA ko Al Izza lokacin azumi da sallah. Mun ɗauki tsiya mun mai da ita al'ada, mun ɗauki kyautatawa mun mai da ita abin kunya.

Masu sukar hoton, yawancinsu ba su san yadda sauran kwana shida na mako suke ba. Bari in tuna musu. Ɗan Adar da ke Abijan ba a gidan sama yake kwana ba. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya na taron jama'a, a Abobo ko Ajame ko Kumasi ta Abijan, ban ɗaki ɗaya ga gidaje da yawa, famfo ɗaya a tsakar gida. Mijin ya fita tun asuba: ko yana teburin shayi, ko yana dakon albasa a kasuwa, ko yana gadi, ko yana sayar da garba. Garba ɗin nan, wato acceke da soyayyen kifi da rabin Abijan ke karya kumallo da shi, sunansa ma daga wajen ƴan Nijar masu sayar da shi ya samo asali. Ba zai dawo ba sai bayan isha'i, a gajiye, yana warin mai da hayaƙi.

Ita kuma matar fa? Yarinya ce da ta tashi a gida mai faɗi, ga uwa, ga ƙannai, ga ƙawayen zuwa rijiya da daka. Yanzu tana cikin ɗakin da bai fi rumbu biyu ba. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Jula, maƙwabtanta kuwa da su suke magana. In ta yi rashin lafiya ba ta san hanyar likita ba. In ɗanta ya yi zazzaɓi da rana sai ta jira dare. Wannan matar ce muke cewa bai kamata mijinta ya ɗauke ta rana ɗaya a mako, su hau gbaka, ta ga gari, ta koyi inda tasha take, ta san yadda ake tambayar farashi ba? Wane irin rashin tausayi ne wannan?

Kuma ina suke zuwa ne da har ake ta ihu? Wasu gidan namun daji na Abijan suke kai yara. Wasu jirgin ruwan haya suke hawa su tsallake tafkin da ya ratsa birnin. Wasu ziyarar ƴan uwa suke zuwa wata unguwa, suna ko ta'aziyya, wanda shi ne dai zumuncin da muke wa'azi a kai kullum. Masu ɗan hali su je Garan-Basam, kilomita wajen 40 daga Abijan, garin da Faransawa suka fara kafa hedikwatar mulkinsu a ƙasar a 1893, wanda UNESCO ta sa tsohuwar unguwarsa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Malamin tarihi a kwalejin Madawa yana koyar da mulkin mallaka a kan allo. Wannan matar ta ga gine-ginen da idonta. Mu ne muke cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ko kuwa karin maganar ta maza ce kaɗai?

Bida ba baƙuwa ba ce a Adar, babu gidan da bai san ta ba. Ikko, Kwatano, Akara, Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya. A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim ɗinsa Moi, un Noir, a kan samarin Nijar masu aikin ƙarfi a Tareshbil ta Abijan, Umaru Ganda ne babban ɗan wasan. Ko a cikin fim ɗin, bayan wahalar mako, samarin suna fita bakin teku a ƙarshen mako. Kusan shekara saba'in ke nan mazanmu na zuwa bakin tekun nan, ba mu taɓa jin an yi taron gari a kansu ba. Sai da aka ga mace a gefen mijinta na aure sannan abin ya zama fitina. Wanda ya je shi kaɗai, ba a san da wa ya je ba, ba a tambaya. Wanda ya je da halaliyarsa shi ne abin zagi. Ku auna wannan da hankali.

Yanzu mu juyo gida, inda taikin ya faɗi. Duk wanda ya san tarihin Furojen Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da hukumar FAO, ya san su wa suka ɗauki duwatsun. Mata ne suka fi yawa a wuraren aikin, su ne suka jera duwatsu a kan tuddai, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa, ana biyan su da abincin PAM, saboda mazan sun tafi bida. Ƙasar da ta farfaɗo a kwarin Keita, a kan kawunan mata aka farfaɗo da ita. A lokacin babu wanda ya ce fitar mace abin kunya ne. Mace za ta iya fita ta yini tana dakon dutse a rana, amma ba za ta iya fita ta zauna a inuwa kusa da mijinta ba? Albasar Madawa da ta kwarin Tarka ta san hanyar Abijan, tana zuwa duk shekara cikin manyan motoci. Matar da ta yi dashenta ita ce ba a yarda ta san hanyar ba.

Ku malamai kun fi kowa sanin kuɗin da ake biya a kan wannan shirun. A taron iyayen yara, ku ƙirga kawunan maza. Ku duba wa ke zuwa in an kira uban yaro: kaka ce, ko uwa da ba ta da ta cewa sai an buga waya Abijan. Ku duba yarinyar da ke makara kullum don ita ce mataimakiyar uwarta a ruwa da itace. Ku duba yaron aji shida da ya daina jin maganar kowa, don mutumin da zai tsawata masa murya ce kawai a cikin salula. Ku iyaye kuma kun san abin da ba a faɗa a fili: auren da ke mutuwa a tsaye, zargi, cikin da ake ƙirga wa watanni da yatsa, da cututtukan da wasu ke dawowa da su su raba wa matan da ba su taɓa taka tasha ba.

Masu sukar suna son fakewa da addini. To, mu je can ɗin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha a hanyar tafiya. Ya tsaya ya kare ta tana kallon wasan Habashawa a masallaci har sai da ta gaji don kanta. Sayyidina Umar, da ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, ƴarsa Hafsa ya tambaya tsawon lokacin da mace ke iya haƙuri, sannan ya yanka wa mayaƙa wa'adi na ƴan watanni su dawo gida. Mayaƙan jihadi ke nan, ba masu teburin shayi ba. Suratul Baƙara ma wata huɗu ta ba wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa. To a wane littafi aka samo shekara uku? Wanda ya san babin, ya nuna mana.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba duka ne na banza ba.

Za a ce ba kowa ke da halin ɗaukar mata ba. Gaskiya ne. Wanda ke kwana a shago da mutum biyar ba shi da inda zai sa iyali. Wanda ya nufi Libiya ko Aljeriya, inda ake kwaso mutane a zubar a hamada kusa da Asamaka, hauka ne ya ɗauki mace da yara. Hanyar Abijan ɗin ma ta yi tsauri: an rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, hanyar Burkina ga matsalar tsaro, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Duk na yarda. Amma wannan hujja ce ta a tausaya wa wanda bai iya ba, kuma a matsa masa ya riƙa dawowa duk damina kamar yadda masu cin rani na da suke yi. Ba ta zama lasisin zagin wanda ya iya ba.

Za a ce wa zai yi wa tsohuwa aiki? Nan ne gizo ke saƙa, don da yawa daga cikin auren ƴan bida, ba don ango ake yin su ba, don a samo wa uwarsa mai daka da ɗebo ruwa ne. Hidimar uwa wajibin ɗanta ne. In yana da kuɗin aure, yana da kuɗin da zai biya a kawo wa tsohuwarsa ruwa a kura, a kai mata niƙa inji. Ƴar mutane da aka karɓo da sadaki da shaidu, mata aka ba shi, ba ƴar aiki aka ba gidansu ba. Ku iyayen mata, kafin ku karɓi goro, ku tambaya: ina za ta zauna, kuma wata nawa zai riƙa yi bai gan ta ba? Tambayar ba rashin kunya ba ce, haƙƙin ƴarku ne.

Za a ce bariki na lalata mace. Bariki ta fi lalata namijin da ke zaune shi kaɗai, kowa ya san haka. Mutumin da ya san akwai mai jiransa a ɗaki da tuwo, kuɗinsa sun fi albarka, daransa ya fi tsabta.

Akwai suka ɗaya da na karɓa hannu biyu, kuma ita ce ta shafi lakwal kai tsaye. Hoton Lahadi yana yi wa yaranmu ƙarya in shi kaɗai aka nuna musu. Yaron da ke shirin jarrabawar BEPC, takalminsa ya tsinke, ya ga tsaransa da sabuwar shadda a bakin teku, me zai hana shi jefar da littafi? Don haka ku ƴan bida, ku ji tsoron Allah a kan ƙannenku. In kun turo hoton Lahadi, ku turo na Litinin: buhun albasa a ka, ɗakin da ruwa ke shiga, mai gidan haya a bakin ƙofa ƙarshen wata. Kuma tun da kun ɗauki iyali, ku cika aikin. Ku yi wa ƴaƴanku takardar haihuwa, ku sa su makaranta can, ku bar matan su koyi karatu da sana'a, ku kawo su gida ganin dangi don kada yaran su tashi ba su san Hausa ba, ba su san gonar kakansu ba. Fita ranar Lahadi ba ta ɗauke muku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ku kuma malamai, kada ku tsaya ga hana yara kallon hotuna, ba za ku iya ba. In wani ɗan bida ya zo gida da iyalinsa, ku gayyace su aji, shi da matar. Ku sa yara su yi lissafi da su a kan allo: kuɗin mota daga Madawa, kuɗin haya, kuɗin abinci, abin da ya rage. Ku bar matar ta faɗa wa ƴan mata yadda rashin iya karatu ya sa ta kasa gane takardar magani a baƙon gari. Wannan darasi ɗaya ya fi wa'azi goma riƙe yaro a kan benci.

Mu iyaye, mu gyara bakinmu a gaban yara. Yaron da ya tashi yana jin ana yi wa mai kyautata wa matarsa dariya, ana yabon wanda ya yi shekaru bai waiwayo ba, ya riga ya koyi irin mijin da zai zama. Ƴarka ce za ta aure shi. In za a yi taron gari, a yi shi a kan matan da ke zaune a ɗakunan Adar, ba su da miji a gida, ba su da takardar saki a hannu. Sunayensu muna da su, gidajensu mun san su.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya haɗa kowa da iyalinsa, ya ba mu damina mai albarka da za ta rage mana wannan tafiya.