Zuwa ga Masu Rubuta Manhaja da Hibernate: Batun Wakili da Gado



Shawarata ita ce ku rage tambayar abu ajinsa, ku bar shi ya yi aikinsa da kansa. Dalili yana cikin yadda Hibernate, wadda Gavin King ya fara a 2001, take jinkirta ɗauko bayanai. Misali, idan ajin Oda yana nuni da ajin Biya, aka ce kada a ɗauko sai an buƙata, Hibernate ba ta leƙa rumbun bayanai ba tukuna, don haka lambar layin kawai ta sani. Sai ta ƙera wakili, a da da Javassist, tun siga ta 5.3 kuma da Byte Buddy. Wakilin nan daga Biya ya yi gado, ko da layin na BiyanKati ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan Biya. Kamar wakilin ango yake a wurin ɗaurin aure: yana isar da magana daidai, amma ba shi ne angon ba. Shi ya sa instanceof BiyanKati ke cewa a'a, tilasta juya shi kuma ya jawo ClassCastException. Abin da ya fi damuna shi ne gwaji yakan wuce lafiya, domin a can abin yana cikin zaman aiki tun farko, ba a ƙera wakili ba. Sai manhaja ta isa hannun jama'a matsalar ta fito.

Magani shi ne a sa aikin a uban aji, misali lissafin caji, kowane ɗa ya yi nasa, domin wakili yana miƙa kira ga ainihin abin. A cikin equals ma ku guji getClass, kuma ku karanta lambar ta hanyar getId, tunda filayen wakili fanko ne.

Wani zai ce a koma EAGER a huta. Wannan hutu yana da tsada: duk Odar da aka ɗauko za ta jawo teburorin 'ya'yan Biya, har a shafin da ba ya buƙatarsu. Wani kuma zai kawo Hibernate.unproxy. Yana aiki, ban musa ba, amma yana zuwa rumbu a duk wakilin da ba a cika ba, in zaman ya rufe kuma sai LazyInitializationException. Inda tilas ne a san ajin, ku yi JOIN FETCH a tambayar da ke buƙatarsa kaɗai, ko ku sa @ConcreteProxy da ya zo a siga ta 6.6 a 2024, wanda ke duba ajin kafin ya ƙera wakili, da kuɗin ƙarin haɗin tebur.