Waiwaye: Bariki, daga bukka zuwa tambari

Duk wanda ya zauna a Birnin Kebbi ya san Barikin Dukku, inda sojoji suke. A can kalmar tana nan kan ma'anar da Turawa suka zo mana da ita, wato barracks, mazaunin soja. Su kansu Ingilishi aro suka yi daga Faransanci a ƙarni na 17, Faransawa kuma daga barraca ta ƙasar Sifen, wadda ke nufin bukka. Har yau a yankin Balansiya, inda ake noman shinkafa da kamun kifi a bakin tafkin Albufera, akwai irin waɗannan ɗakuna na laka da kara da jinka. Masuncin Argungu da ya gan su ba zai ji baƙunta ba.

A Ingila akwai wata kalma mai kama da ita: idan 'yan kallo suka yi wa ɗan wasa ihun tsiya, an yi masa barrack. A Ostireliya kuwa goyon baya take nufi.

Amma yadda Bahaushe ya juya kalmar bariki ya fi ɗaukar hankalina. Bayan Turawa sun iso Argungu a 1902, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, suka kuma mai da Birnin Kebbi mazaunin sarautar Gwandu, sai bariki ya zama duk inda Bature yake kwana. Har masaukin Di'o a ƙauye lokacin rangadi bariki ne: ɗaki a bayan gari, talakawa suka gina shi, su ke kai ruwa da itace da ƙwai da kaji. A gefensa ga kuku, ga boyi, ga masinja, ga tafinta, mutanen da suka baro gida suna cin albashi, babu idon uba ko na mai unguwa a kansu. Daga nan aka samu ɗan bariki da barikanci. Sunan gini ya koma sunan hali: wayo, buɗewar ido, rashin ta-ido.

Akwai gaskiya a ciki, don wasu masinjoji da tafintoci sun cuci talakawa da sunan Bature. Sai dai tambarin ya wuce kansu. Ya hau kan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, waɗanda irinsu ne suka riƙe ofisoshi lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Kan mace kuwa ya fi muni. Namiji a ce masa ɗan bariki ya yi murmushi, har ya ji daɗi. Mace a ce mata 'yar bariki an gama da mutuncinta, wani lokaci har da aurenta, ko da aikin jinya ne ya raba ta da garinsu.

Mai karatu, idan an zo maka binciken aure game da yarinyar da ke aiki a birni, ka faɗi abin da ka gani da idonka. Kada ka ce 'yar bariki ce don kawai tana zaune a gidan haya.