Mu San Makon Maƙwabtanmu

Yau zancena a kan 'yan Katolika ne, waɗanda muke zaune da su a Kumasi, muke kuma ciniki da su kullum.

Babbar cocinsu ta Saint Peter tana kan tudun Roman Hill, dab da babbar kasuwa. Misa, wato ibadarsu ta mako da fada ke jagoranta, wajibi ce a kan ɗan Katolika ran Lahadi, ko Asabar da yamma. In an tashi ma ba nan take ake watsewa ba. Ƙungiyar mata za ta zauna, 'yan Saint Vincent de Paul su tsara ziyarar marasa lafiya da mabuƙata.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa. Wanda ya je karɓar bashi da safiyar Lahadi, gida rufe zai tarar, ko ya ɓata wa mai ciniki rai. Mahauta kuma ku saurara: azuminsu na kwana 40 kafin Ista yana farawa ne ran Larabar Toka. A ranar, da kowace Juma'a ta azumin, duk wanda ya kai shekara 14 ba ya cin nama. Kifi ke tafiya. Ka yanka sa yadda ka saba, ka yi kwantai.

Shawarata, ka tambayi maƙwabcinka ranakun ibadarsu, ka riƙe. In mun rufe shago mun tafi Juma'a, suna jiranmu ba ƙorafi. Mu ma mu yi musu hakan ran Lahadi.

Allah ya ba da kasuwa.