Sankarar mama: asibiti na kusa da Sabo, amma matanmu na isa a makare

A Najeriya babu ciwon dajin da ya fi kama mata kamar sankarar mama. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya nuna an samu sababbin masu ɗauke da ita sama da 30,000 a ƙasar nan, kuma mafi yawansu ba sa zuwa gaban likita sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu.

Abin mamakin shi ne mu mazauna kudu ba nisa ne matsalarmu ba. LUTH na nan Idi-Araba, a tsakiyar Hausawa, kuma tun 2019 aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a cikinta. Daga Sabo ta Ibadan zuwa UCH tafiyar 'yan mintuna ce. To me ke hana mu?

Da farko ƙullin ba ya ciwo, sai mace ta ce ai ba komai. In ya girma, a fara tofi da shafe-shafe, wata a kai ta wurin wanzami. Sai kuma maganar da ta fi cin lokaci: "Bari a tara kuɗin mota a kai ta gida." Wata uku, wata shida, ana jiran bayan Sallah, ciwo kuwa bai san jira ba. Ga kunyar buɗe ƙirji gaban likita namiji, ga matsalar yare ga wadda ba ta jin Turanci ko Yarbanci, ga tsoron a yanke nono maigida ya juya baya. Wannan na ƙarshe, gaskiya, laifin mazan ne.

Jita-jitar cewa in wuƙa ta taɓa ciwon sai ya bazu ta samo asali ne daga waɗanda aka yi wa tiyata bayan ya riga ya bazu. Kuma yawancin ƙullin da ake samu a nono ba ma sankara ba ne; gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Kuɗin magani da nauyi, ba a musu. Gwamnatin tarayya na da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, kuma UCH na cikin asibitocin da aka fara da su, sai dai ba ya isa kowa. Nan ne ya kamata fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su shigo, ko da da tafinta mace ce da za ta raka mara lafiya ranar ganin likita.