Kada Mu Yi Gini A Filin Aro

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wata sabuwar cuta ta shigo mana jami'a, kuma tun ba ta zama annoba ba ya kamata mu kira ta da sunanta. Duk inda mutum ya juya, ko bangon ɗakin cin abinci, ko jikin itatuwan hanyar laburare, talla guda zai gani: zo ka biya kuɗi kaza, cikin mako shida mu mai da kai gwanin ƙera manhajar waya. Samari da 'yan mata suna tsame kuɗin abincinsu suna kaiwa. Bayan mako shida su fito da takardar shaida mai ado, da sunayen kayan aiki biyu ko uku a baki, amma in ka ce wa ɗayansu ya rubuta shafi guda wanda zai buɗe a wayar mahaifiyarsa, nan take ido zai raina fata.

Mu ba mu ƙi a koyi wannan sana'a ba, don mu ma ita muke nema. Inda muke ja da masu tallar nan shi ne wurin da suke sa mutum ya fara. Ra'ayinmu, wanda kuma za mu kafa masa hujja, shi ne duk mai son aikinsa ya gudana a kan kowace irin waya, to tilas ne ya fara da yanar gizo, ya ƙware a harsunanta, kafin ya ɗaura wa kansa igiyar wani kamfani a wuya.

Bari mu fara da asalin matsalar. Yau kasuwar wayoyin zamani a hannun gidaje biyu take, watau Android na kamfanin Google da iPhone na kamfanin Apple. Kowane gida da harshensa: na farko Java da Kotlin, na biyu Objective-C da Swift. Wanda ya rubuta manhaja da harshen wannan gida, ba za ta yi aiki a wancan ba, sai ya sake zama ya rubuta ta tun daga tushe. Aiki ɗaya, wahala biyu ke nan. Amma a cikin kowace waya daga cikinsu akwai burauza, kuma kowace burauza tana jin harsuna uku iri ɗaya. HTML shi ne tubali da azara, shi ke tsai da ginin shafi. CSS shi ne yaɓe da zane, shi kuma ke sa shafin ya miƙe ko ya tsuke daidai da faɗin fuskar wayar da aka buɗe shi a kai. JavaScript shi ne mutanen gida masu kai da kawo, shi ke amsawa idan an taɓa wani wuri. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riƙe mabuɗin da ke buɗe ƙofar gidajen nan biyu, har da ta kwamfuta.

To, filin wa ake ginin? Nan ne maganar take. A shekarar 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a 1993 kuma cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga duniya, ba haraji, ba la'ada. Har gobe ba wanda zai tsare ka ya ce sai ka nemi izninsa kafin ka kafa shafi. Sai ku gwada wannan da kantunan manhajoji. Wanda ke son kayansa su shiga kantin Apple sai ya biya dala 99 kowace shekara, kuma kayan aikin kamfanin, watau Xcode, a kan kwamfutar Mac kaɗai suke gudana. Google yana karɓar dala 25 sau ɗaya. Tun da Apple ya buɗe kantinsa a 2008 ya yanka wa kansa kashi 30 cikin ɗari na cinikin manhaja, Google ma ya bi sawu, sai a 2021 suka rage wa ƙananan masu sana'a zuwa kashi 15. Bayan wannan duka, mai kanti yana da ikon ya ƙi kayanka, ko ya sauke su daga kanta ranar da ya ga dama. Ku gaya mana, ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki, ina zai samo Mac da dala 99 duk shekara?

Wanda yake ganin tsoronmu ya yi yawa, ya zo mu zaga maƙabartar wannan sana'a. Ina Symbian, wanda ya taɓa mulkin wayoyin Nokia? A 2011 Nokia ya juya masa baya. Ina Windows Phone? A 2017 Microsoft ya tabbatar ya daina ƙara masa wani sabon abu. Ina tsohon tsarin BlackBerry, wanda samari suka yi ta yanga da shi? A watan Janairun 2022 aka kashe masa fitila. Flash, wanda dubban mutane suka ci abinci da shi, Adobe ya binne shi a ƙarshen 2020. Xamarin, wanda aka yi ta tallarsa a matsayin hanyar rubuta manhaja ɗaya don wayoyi duka, Microsoft ya saye shi a 2016, ya janye masa tallafi a watan Mayun 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi zamaninsa, an buɗe masa azuzuwa, an raba takardun shaida da sunansa. Amma shafin farko na yanar gizo, wanda CERN ta mayar adireshinsa na asali a 2013, har yau yana buɗewa a kan kowace waya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kabari guda da ya fi sauran darasi, watau na PhoneGap. Wani ƙaramin kamfani na Kanada mai suna Nitobi ya ƙirƙiro shi, aikinsa kuwa shi ne ya naɗe shafin yanar gizo cikin kwanso don ya shiga kanti kamar sauran manhajoji. Adobe ya sayi kamfanin a 2011, ya rufe PhoneGap a 2020. Amma waɗanda suka yi aiki da shi ba su tashi a tutar babu ba, domin abin da ke cikin kwanson HTML ne da CSS da JavaScript. Kwanso ya fashe, ƙwaya tana nan.

Mun san abin da abokan jayayyarmu za su ce, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Za su ce manhajar da aka rubuta da harshen waya na asali ta fi sauri da santsi. Za su tuna mana cewa a 2012 Mark Zuckerberg da bakinsa ya ce babban kuskuren Facebook shi ne dogaro da HTML5 fiye da kima. Gaskiya ne ya faɗa, kuma har yanzu mai son ƙera wasa mai nauyi ko manhajar tace bidiyo ya fi dacewa ya bi waccan hanya. Amma ruwa da yawa ya wuce ƙarƙashin ƙasa tun lokacin, ya fito wani wuri. A 2014 aka kammala ƙa'idar HTML5. A 2015 burauzar Chrome ta zo da wata dabara, watau wani ɗan guntun rubutun JavaScript da ke zama kamar mai gadi tsakanin manhaja da intanet, yana adana abin da aka riga aka sauko da shi, ta yadda ko sabis ya ɗauke manhajar za ta buɗe. A shekarar ce aka raɗa wa irin waɗannan manhajoji suna PWA. A 2017 Twitter ya fito da Twitter Lite ta wannan hanya, nauyinta bai kai megabait ɗaya ba. Safari ta iPhone ta karɓi dabarar a 2018, a 2023 kuma ta yarda manhajar yanar gizo ta riƙa turo sanarwa.

Ku lura da wannan jinkiri, don ba na banza ba ne. A 2007, shekarar da iPhone ta fito, Steve Jobs da kansa ya ce wa masu ƙera manhaja su yi ta a kan yanar gizo ta cikin Safari. Da kanti ya buɗe, la'ada ta fara shigowa, sai waƙa ta canza. A farkon 2024 ma Apple ya ce zai hana manhajojin yanar gizo zama a fuskar iPhone a ƙasashen Tarayyar Turai, sai da aka yi masa ca sa'an nan ya janye. Ashe ke nan wani ɓangare na raunin da ake jingina wa yanar gizo, mai kanti ne ya ɗaure mata ƙafa, sa'an nan ya juyo yana cewa ba ta iya gudu.

Za su kuma ce ai React Native da Flutter su ake yayi, su masu ɗaukar aiki ke tambaya. To, mun ji. React Native, wanda Facebook ya saki a 2015, da JavaScript ake rubuta shi, saboda haka wanda ya ƙware a tushe ba zai daɗe ba zai kama shi. Flutter na Google ne, da harshen Dart, kuma kayan aiki ne mai kyau. Ba mu ce kada a taɓa su ba. Cewa muka yi a san kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, wa muke ƙera wa? Wayoyin da ke hannun iyayenmu da ƙannenmu yawancinsu Tecno ne da Itel da Infinix, ma'ajinsu ƙarami, datarsu ta awo, sabis ɗinsu yana zuwa yana ɗaukewa. Mai sayar da hatsi ba zai goge hotunan 'ya'yansa don ya sauke manhajarka mai nauyi ba, amma in an turo masa adireshi ta WhatsApp zai taɓa ya gani. Wanda ya koyi sana'ar daga tushe shi zai san yadda ake rage nauyin hoto, da yadda ake gwada aiki a kan waya mafi araha. Shi zai tabbatar ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu, kada "ƙasa" ta koma "kasa", shi kuma zai iya juya shafi daga dama zuwa hagu don masu karatun ajami. Wane aji na mako shida ne ya taɓa koyar da wannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bisa ga haka muna da kira uku. Na farko ga sashen koyar da ilmin kwamfuta: a daina sa mu rubuta manhaja a takarda muna haddacewa kamar karatun allo. A sa kowane ɗalibi, kafin ya gama shekara ta biyu, ya ɗora aiki guda a intanet wanda malami zai buɗe a wayarsa ya ba da maki. Na biyu ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: a nemo mana ɗaki guda mai wuta da intanet, inda na gaba za su riƙa koya wa na baya kyauta. Kayan aikin ba su da tsada, burauza ce da wurin rubutu, bayanan MDN na Mozilla kuma a buɗe suke ga kowa ba ko kwabo. Aikin farko ma ga shi a gabanmu: jadawalin lacca da na jarrabawa, wanda zai buɗe ko babu sabis. Na uku gare mu mu kanmu: mu bi abin daki-daki, HTML tukuna, sa'an nan CSS, sa'an nan JavaScript tsurarsa, mu rubuta da hannunmu, mu ɓata, mu gyara, mu daina kwafo abin da ba mu fahimta ba.

Wannan hanya ta fi mako shida nisa, ba kuma wanda zai ba mu takarda mai ado a ƙarshenta. Amma sannu ba ta hana zuwa. Kamfanoni za su ci gaba da haihuwar kayan aiki suna binnewa yadda ribarsu ta nuna musu, ba kuwa za su yi shawara da mu ba. Mu kafa harsashinmu a filin da ba mai iya tashinmu, in ya so kowane kanti muka ga dama mu kai kaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.