Zayyanar Leda Ba Zayyana Ba Ce

Lokacin saukar karatu ya sake zagayowa, kuma akwai maganar da nake so a ji tun kafin a fara raba katin gayyata. A 'yan shekarun nan makarantu da dama a Jimeta, daga Luggere zuwa Rumde har Nassarawo, sun daina sa a yi wa ɗalibi allon zayyana. Yanzu sai a nufi shagon kwamfuta, a ce wa yaro "haɗa mana zayyana". Ya buɗe CorelDRAW, ya kwaso kwalliya daga intanet, ya liƙa Fatiha a tsakiya, a buga a ledar fileks irin wadda 'yan siyasa ke buga hotunansu, a manna a katako. Wai an gama. To, ni ban yarda ba.

Saboda yaran yanzu, bari in faɗi abin da ake nufi da zayyana. Allo ne na musamman da ake yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da zane mai kusurwa da kulli da da'ira, babu hoton mai rai ko ɗaya. Shi ɗalibi zai riƙe ya karanta a gaban malamai. Alƙalamin na gamba ne ko na kara, mai zayyana ya fiƙe shi da kansa. Tawadar allo ta zuge ce da ƙaro. Wadda ake so ta daɗe kuwa da bagaruwa ake dafa ta. Kowane launi da aikinsa: baƙi na harafi, ja na wasali, ɗorawa na hamza. Maƙwabtanmu Fulani suna ce wa allo alluwal, kuma garin nan da Modibbo Adama ya kafa a 1841 da alƙalamin modibbai aka san shi tun kafin a san injin ɗab'i a ƙasar nan. A Kano, Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta da hannunsa aka ɗauka aka buga, ya shiga gidaje da tsangayoyi ko'ina a Arewa. Lura da kyau: inji ne ya bi hannu a can.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuskure. Yaron shago ba mugu ba ne, abincinsa yake nema, amma sau da yawa bai san me yake liƙawa ba. Manhajar da ba a saita ta don Larabci ba takan wargaza haruffa, ta jera su daga hagu zuwa dama, kowanne a tsaye shi kaɗai. Na ga irin wannan da idona a wata walima, an rataye shi a bango, mutane na ɗaukar hoto a gabansa. Wannan ma mai sauƙin ganewa ne. Mai wuyar shi ne na ruwaya. Ɗan tsangaya Warshu ya karanta, a rubutunsa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Abin da ake kwasowa a intanet kuwa galibi Hafsu ne da rubutun gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa ce. A cikin Fatiha kanta akwai kalmar da Hafsu ke ja, Warshu ba ya ja, ga farkon Baƙara inda Warshu ke sauƙaƙa hamza. Ni ɗan Islamiyya ne, Hafsu muka karanta, duka biyun ruwayoyi ne ingantattu. Amma a ba yaro allon da ya saɓa wa abin da ke ƙirjinsa ranar da zai karanta a gaban jama'a? Haba!

Sai kuma makomar ledar. Duk mai zuwa kasuwar Jimeta ya san inda tsohuwar fileks ke ƙarewa: rumfar mai tumatir, shimfiɗar shanya barkono, murfin kaya a bayan Keke Napep idan damina ta kama. Ranar Yola kafin ta zagayo sau biyu ta cinye launin, gam ya saki, a ɓare a jefar. Ruwan wankin allo ma ba a zubar da shi a kwata, takarda in ta tsufa a ƙona ko a binne. Ayar da ke jikin leda fa, ya za a yi da ita?

Za a ce tsada. Ni ɗan kasuwa ne, na san lissafi. Gidan da ya yanka rago, ya ɗinka anko, ya kama rumfa da kujeru da lasifika, ya biya mai bidiyo, bai isa ya ce kuɗin mai zayyana ne ya gagare shi ba. Za a ce masu yin ta sun yi ƙaranci. Gaskiya ne, kuma mu muka ƙarar da su, don sana'ar da ba a saye ba mai koya wa ɗansa.

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan masu cewa a ƙwace na'ura daga hannun yara. Akwai samari da 'yan mata a unguwar nan da ke zane a waya da ibisPaint, wasu har sun tara kuɗi sun sayi allon zane na kwamfuta irin na Huion ko Wacom, wanda ake rubutu a kansa da alƙalaminsa. Waɗannan hannunsu ke aiki, suna jan layi, suna gogewa, suna sakewa. Sun fi kusa da mai zayyana fiye da mai kwafa ya liƙa. Hular da ke kanmu da aikin wuyan babbar riga ai duk zane ne. Abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu namu, shi ya sa sai zanen 'yan tsanar Japan suke kwaikwayo. Kuma su ma su sani, na'ura tana ba ka damar goge kuskure sau ɗari, tawada ba ta bayarwa, daga nan mai zayyana ke koyon natsuwa kafin ya ɗora alƙalami.

Don haka ga abin da nake nema daga kwamitin masallaci da shugabannin makarantu. Kada a sake karɓar zayyanar leda a wajen sauka. Duk abin da za a buga mai ɗauke da aya, ko kati ne ko kalanda, sai alaramma ya duba shi harafi bayan harafi kafin a kai inji. Sannan ranar Alhamis, da yake babu karatun allo, a buɗe zauren masallaci bayan la'asar, a ɗauko dattawan da suka rage masu iya zayyana, a biya su, yaran nan masu zane a waya su zo su zauna a gabansu. Alluna goma na farko da ƙaro da takarda, a zo shagona a karɓa.