Gashi mai tauri ba ciwo ba ne

Salla ta kusa. A kasuwar Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, ƴan tebur sun jera kwalaye masu hoton ƴan mata da gashi mai santsi har kafaɗa. Cikin kwalin akwai wani farin mai wanda ake kira defirizan. In an shafa shi a kai, sai gashi ya miƙe ya kwanta. Mata da yawa suna saye, har suna shafa wa ɗiyansu ƙanana don kitso ya yi sauƙi.

Akwai wata yarinya ƴar aji shida wadda aka yi shekara uku ana shafa mata shi. Ran nan aka bar man ya daɗe a kanta. Fata ta ƙone, ta yi gyambo, gashin goshi ya zube. Da kakarta ta gani, sai ta ce:

— Daga yau an bar wannan mai a gidan nan.

Yarinyar ta ce:

— Kaka, in gashin ya koma da tauri fa? Ƴan ajinmu za su yi mini dariya.

Tsohuwar ta ce:

— Jikata, irin gashin nan gare ni, kuma da shi na yi amarci. Ba wanda ya yi dariya.

Tsohuwar nan tana da gaskiya. Ga dalili.

Gashi da farce abu ɗaya ne ya gina su, sunansa keratin. Cikin kowane silin gashi akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da ido ba ya gani. Su ke ba shi ƙarfi, su ke sa ya nannaɗe. Aikin defirizan shi ne ya tsinke su. Wani irinsa yana da soda mai ƙuna, irin wadda ake haɗa sabuni da ita. Wani kuma an rubuta a kwalinsa babu soda, amma akwai wani sinadari mai ƙarfi a madadinta. Gashin da aka miƙar ba ya komawa yadda yake. Ya yi santsi, amma ya rasa ƙarfinsa.

Gashi yana tsiro wajen santimita 1 kowane wata, kuma sabon da ya fito nannaɗaɗɗe ne. Saboda haka bayan wata biyu sai an sake sayen wani kwali. Kuɗi suna tafiya, fatar kai tana shan wuya.

Akwai abin da ya fi wannan. A shekarar 2022, masu bincike na cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka sun ba da sakamakon wani aiki da suka yi a kan mata fiye da 33.000. Sun ga matan da ke miƙar da gashi da irin waɗannan mayuka fiye da sau 4 a shekara sun fi kamuwa da ciwon daji na mahaifa, fiye da ninki biyu na waɗanda ba su shafawa. Ba kowace mai shafawa ke kamuwa ba, amma wannan ya isa gargaɗi. Rigakafi ya fi magani.

To, in an daina, yaya za a yi? Watannin farko su ne masu wuya, don gashi iri biyu ne a kai ɗaya: sabo a gindi, tsoho a baki. Inda suka haɗu nan yake karyewa. Wata takan aske tsohon gaba ɗaya. Wata kuma takan riƙa yin kitso, tana datse bakin kaɗan kaɗan har ya ƙare. Duk hanyoyin biyu suna da kyau. Cikin shekara ɗaya sabon gashi ya kai santimita 12 ko kusa da haka.

Gashin baƙar fata abu uku yake so: ruwa, da mai, da haƙuri.

Fatar kai tana fitar da maiƙo nata. A miƙaƙƙen gashi, maiƙon yana gangarawa har baki. A nannaɗaɗɗe kuwa, hanya ta yi kwana-kwana, ba ya isa. Shi ya sa gashin ke bushewa, balle lokacin hunturu. Sai a wanke kai sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, da sabuni mai laushi. Kada a sa garin sabunin wankin tufafi. A ɗauraye sosai, a tsane da tsabtataccen zane. Tun gashi yana da danshi a shafa man kaɗe kaɗan. Mai ba ya shayar da gashi, tsare ruwan da ke ciki yake yi.

Kada a taje busasshen gashi. Nan ne zafi yake, nan ne kuka yake. A yayyafa ruwa, a raba kai kashi huɗu, a warware da yatsu. Sannan a sa mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a gangaro gindi a hankali. Kowa ya riƙe matajinsa, don ƙwarƙwata da makero ta wurin aro suke yawo.

Kitso yana tsare gashi daga ƙura da karyewa. Amma kitson da aka ja da ƙarfi shi ma ɓarna ne: yana cinye gashin goshi. In kai yana ciwo, ko ƙuraje sun fito a gindin kitso, to ya yi tsauri, sai a sassauta. Yarinya tana da ikon ta ce wa makitsiya: «Inna, ki yi a hankali, da zafi.» Da dare a ɗaura kallabi mai santsi. A kuma tuna gashi daga jiki yake cin abinci: wake, gujiya, ƙwai, nono da zogale suna ƙara masa ƙarfi.

Wasu iyaye suna cewa wannan aiki yana cin lokaci. Gaskiya ne. Amma rabin awa a mako ya fi sauƙi a kan jinyar gyambo. Wasu kuma suna cewa gashi mai santsi ya fi kyau. Wa ya faɗa? Mai sayar da kwali ne ya zaɓi hoton da ke jikinsa. Tun kafin kwalin ya zo, makitsan ƙasar Hausa suna yin doka da zane iri iri, ana tsayawa kallo.

Babbar mace ita ke da zaɓi a kan gashinta. Ƙaramar yarinya kuwa, bai kamata a sa mata abin da zai ƙone ta don kwalliyar kwana uku ba. Ɗan makarantar da ya yi wa abokiyar karatunsa dariya saboda gashinta, gashin uwarsa da na kakarsa ya yi wa dariya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Tambayoyi

1. Me defirizan ke yi wa silin gashi?
2. Don me nannaɗaɗɗen gashi ke saurin bushewa?
3. Santimita nawa gashi zai tsiro cikin wata 6?
4. A tambayi tsofaffin gida sunayen kitson da ake yi a da, a rubuta guda uku.